Zanen da Aka Ɗaura Mini a Ƙugu

Ku 'ya'yan gidan nan, wannan babin ban so rubuta shi ba. Na tsallake shi na rubuta na gaba, na dawo na sake tsallakewa. Abin da ya zaunar da ni a kansa shi ne maganar da na ji da kunnena a wurin suna a Luggere. Wata mata da ba ta san ni ba ta nuna ubanku da baki ta ce, "Ai shi ne wanda ofis ya kira saboda ya yar da uwarsa a asibiti." Na so in ba ta amsa, sai na tuna amsar tana da tsawo, kuma duk abin kunyar da ke cikinta a jikina yake. To ga ta a rubuce. Ku karanta bayan na kau, kada wani mara kunya ya zo ya karanta mini ita a gabana.

Ubanku ɗan farina ne. A ƙauyenmu, can gefen Mubi, ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta ɗaga ido ta kalle shi. Ana yaye shi goggonsa ta goye shi ta kawo Yola Gari, a hannunta ya girma, ita ta yi masa aure. In ya zo gaishe ni da salla, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma in amsa ina kallon tsintsiya ko ƙwaryar da ke gabana. Ku 'yan yanzu da kuke kiran 'ya'yanku "bebi" za ku ce ba so. Ku je can! Duk mai zuwa Yola sai na ƙunsa masa daddawa da man shanu na ce a kai wa mutanen gidan can, kuma kowa ya san wa nake nufi.

Shekarar da yaran daji masu bindiga suka shigo garuruwanmu, kakanku ya riga ya rasu, Allah Ya hutar da shi bai gani ba. 'Yata ɗaya ta tsallaka Kamaru da mijinta, ɗayar tana Maiduguri, hanya ba ta biyuwa. Na fito da zanen jikina, muka bi dutse da ƙafa, daga baya wata motar kaya ta kwaso mu ta zube a tashar Jimeta. A nan ubanku ya same ni, ya rufe rumfar yadinsa kwana da kwanaki yana zagayen tashoshi. Ya kawo ni gidan nan ya ba ni ɗakin da ke kusa da rijiya. Wallahi ko tuwonsa da ƙyar nake haɗiya. In ina son abu sai in gaya wa uwarku, ita ta gaya masa, ko da yana tsaye a tsakar gida yana jinmu.

Ana nan, wata safiya ina alwala buta ta suɓuce daga hannuna na hagu. Na sunkuya in ɗauka, sai ga ni kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙafa ta ƙi, hannu ya ƙi, baki ya karkace. Matan maƙwabta suka ciccibe ni zuwa keke napep. A asibiti likita, wani yaro ɗan Borno mai sanyin magana, ya ce hawan jini ne ya shanye mini ɓarin jiki. Bakina ya dawo da wuri, wanda wasu za su ce da ma shi ya tafi. Amma hannun hagu, ku yi tunani, hannun da mutum yake tsarki da shi. Ni da ko uwata ba ta ga cinyata ba tun da na yi wayo, sai ga ni ana juya ni ana goge ni kamar jaririya.

Nas ɗin da ke kula da ɗakinmu sunanta Ngozi, Inyamura ce haifaffiyar Jimeta, ubanta yana sayar da kayan mota. Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai kowa a wurinta namiji ne.

"Mama, ka daina rufe ido. Ni na wanke manya da sun fi ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ke, cibiyar ce kaɗai kike gani?"

Sai ta ƙyalƙyale da dariya ta ja labule. Na zage ta da Fillanci ba adadi, ashe tana ji, ba ta taɓa nunawa ba. Ita ta koya mini yadda zan yi tsarki da hannu ɗaya, ta kuma sa aka tambayo mini malami ya ce lalura ce, babu laifi.

Sai kuma Rifkatu, mai gashin ƙashi, wata siririya mai hannu kamar ƙarfe. Kullum ta zo ta lanƙwasa ƙafar nan ta miƙe, ta buɗe yatsun hannun ɗaya bayan ɗaya, ina ihu tana cewa sannu. Ita ta fara gaya mini gaskiya. Ta ce ƙafar tana da rai, za ta iya dawowa, amma ba a kan gado ba. Sai an tsayar da ni safe da yamma, an riƙe ni ina jan ta, kuma aikin nan a gida za a yi shi wata da watanni. In aka bar ni a kwance, jijiya za ta ƙage, shi ke nan ni da tafiya sai a lahira. Ta tambaye ni wa nake da shi mai ƙarfi a gida. Uwarku lokacin cikinta ya tsufa, kuma an taɓa yi mata aiki, an hana ta ɗaukar ko bokiti. Na ce ba ni da kowa.

Alhali ubanku kullum yana nan. Yakan zo da kwanon abinci ya tsaya a bakin ɗakin mata, ya miƙa wa wata mai jinya ta kawo, ya yi gaisuwa daga can. Ni kuwa da na ji takunsa sai in juya fuskata bango. Haka muka saba, ba mu ga komai a ciki ba. Amma Ngozi tana gani. Ta ga tsohuwa 'yar gudun hijira da ta ce ba ta da kowa, ta ga ƙaton namiji da ba ya ƙarasowa gadon uwarsa, ta ga uwar tana ɓoye fuska in ya zo. A watannin nan an sha kawo tsofaffi a ajiye a gudu, ta gani da idonta. Sai ta gaya wa Rifkatu, su biyu suka kai maganar ofishin walwala na asibitin, wai a bincika ko yana wulaƙanta ni. Aka aika aka kira shi daga kasuwa, a gaban maƙwabtan rumfarsa. Daga nan maganar da kuke ji ta samo asali.

Mai ofishin wata dattijuwa ce, Hajiya Asta, mutuniyar Yola Gari. Uwarku ce ta ba ni labari daga baya cewa ubanku ya zauna a gaban Hajiyar kansa a ƙasa, ta yi ta tambaya, bai iya cewa komai ba sai "Haka ne, Hajiya." Ta bar shi ta zo wurina. Ta ja kujera, ta gaishe ni da Fillanci, gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen da, har da tambayar shanun da na bari. Sannan ta sassauta murya.

"Adda, wanda ke kawo abincin nan, mene ne sunansa?"

Na shiga murza bakin mayafi.

"Na fari ne?"

Na ɗaga kai. Sai ta dafa goshinta ta ce, "La'ilaha illallahu." Ta gaya mini abin da aka zarge shi da shi. 'Ya'yan nan, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Yaron da ya bi tashoshi yana nemana, a kira shi ofis kamar ɓarawo, kuma ba zan iya buɗe baki in yabe shi ba, don yabon ɗan fari ma abin kunya ne. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ba ya da laifi." Na ja mayafi na rufe kaina ina kuka a ciki.

Ngozi da ta ji, har ƙasa ta durƙusa masa a baranda tana cewa, "Oga, ka yafe ni, ban sani ba." Ban riƙe ta a zuciya ba. Da ta ga abin ta kau da kai, ai da ba mutuniyar kirki ba ce.

Washegari suka taru a kaina, likita da Ngozi da Rifkatu da Hajiya Asta, suka ja labule suka kewaye gadon. Kowa ya faɗi nasa. Likita ya ce jini ya sauka, magani ya karɓe ni, kuma ana bukatar gadon, don ana ta kawo masu rauni daga arewa. Ngozi ta ce bayana ya fara ja, in na daɗe a kwance zai zama gyambo. Rifkatu ta maimaita maganarta ta ƙafa. Hajiya Asta ta ce ta je ta ga gidan, akwai fili, akwai mai ƙarfi, akwai niyya. Ina kwance ina jinsu kamar saniyar da ake tayawa a kasuwa, har zancen fitsarina aka yi a gaban yaron likitan nan. Ƙarshe dai duk maganarsu ta taru a wuri ɗaya: ubanku ne zai riƙa ɗaga ni.

"A kai ni sansanin 'yan gudun hijira," na ce. "Mata suna can."

"Can babu mai gashi, Mama," in ji Rifkatu. "Za ki kwanta ne kawai."

"To in kwanta. Gara in mutu a kwance da a ce ɗan fari ya rungume ni."

Na ɗauka za su yi fushi su sallame ni. Ba su yi ba. Likita ya ce a ƙara mini kwanaki, aka mayar da ni wani gado a lungu. Na yi zuciya, na daina ba Rifkatu hannuna, in ta zo sai in ce barci nake ji. A kwanakin nan ne yatsun suka dunƙule. Ga su nan har yau kuna gani, ba su sake buɗewa ba, ta gaya mini tun a lokacin ban ji ba.

Ashe su kuma ba su zauna ba, suna ta haɗuwa a ofishin Hajiya Asta. Wata rana ta zo ita kaɗai ta zauna a bakin gadon.

"Adda, ni ma ina da na fari, ban taɓa kiran sunansa ba. Ba mu zo mu ƙwace miki kunyarki ba. Amma ke kika san iyakarta, mu ba mu sani ba. Ki gaya mini abin da ba zai yiwu ba, ɗaya bayan ɗaya, in kai wa mai gashi ta ga abin da ya rage."

Ba wanda ya taɓa tambayata haka. Kunya a wurina dunƙule take, ban san ana warware ta ba. Na yi tunani na ce ba zai ga jikina ba. Ta ce to. Na ce hannunsa ba zai taɓa fatata ba. Ta ce to. Na ce ba za mu fuskanci juna ba, kuma ba zai yi mini magana ba, ni ma ba zan yi masa ba. Ta ce, "Shi ke nan?" Na lalubi wani abin in ƙara, na rasa. Ta tashi tana murmushi, na ji kamar an yi mini wayo.

Da waɗannan sharuɗɗan suka zauna suka ƙulla dabararsu. Rifkatu ta ce akwai ɗamarar da ake ɗaura wa majinyaci a ƙugu a riƙe shi ta baya, tasu ta asibiti ba ta isa a ba da aro ba, amma zane mai ƙarfi zai yi. Ubanku ya je rumfarsa ya yanko yadi mafi kauri, aka ninka aka ɗinke. Uwarku za ta ɗaura mini a kan tufafina, shi ya tsaya a bayana ya kama zanen, ba ni ba. Wanka da bayan gida na uwarku ne, ina zaune, ba ɗagawa. Hajiya Asta ta sa kafinta ya huda kujera a tsakiya, aka kafa gora a jikin katanga daga ƙofar ɗakina zuwa bakin zaure don in riƙa dafawa. Ta kuma roƙi wata maƙwabciya ta riƙa leƙowa in uwarku ta haihu. Ngozi ta koya wa uwarku lokutan magani da yadda ake duba baya. Ta haɗa mu da ƙaramin asibitin unguwa don awon jini, su kuma in sun ga wani abu su sanar da likita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ni da nake da hannu ɗaya na fi kowa sanin haka.

Saura koya masa riƙon. Tunda na ce ba da ni ba, Ngozi ta ce ita za ta zama ni. A tsakiyar ɗakin mata aka ɗaura mata zanen, ta yafa mayafi, ta karkace baki, tana jan ƙafa tana cewa, "Wayyo, kar ka kalle ni! Ka juya! A kai ni sansani!" Duk ɗakin aka kwashe da dariya, har wata da aka yi wa aiki tana riƙe ciki tana roƙon a bari. Ni ina fuskantar bango, amma kafaɗata ta tona ni. Ina jin muryar Rifkatu tana cewa, "Lanƙwasa gwiwarka, Malam. Kar ka ja ta, bi ta. In ta tafi faɗuwa, ka jawo ta jikin cinyarka ku zauna tare." Ya yi ta maimaitawa har ta ce ya iya.

Ranar farko a gida ba zan manta da ita ba. Uwarku ta ɗaura zanen ta ja da baya. Na ji takunsa ya zo ya tsaya. Na ji zanen ya ɗaure, sai ga ni a tsaye. Numfashinsa yana sauka a ƙeyata, ina jin ƙanshin sabon yadi a jikinsa, tun ranar da aka yaye shi ban kusance shi haka ba. Gumi ya karyo mini, ba na ciwo ba. Na riƙe gorar nan kamar zan karya ta, na ja ƙafa taku kaɗan na ce wa uwarku, "A gaya wa mutane na gaji." Aka zaunar da ni. Da yamma aka sake. Haka muka yi ta yi, kafin ya tafi kasuwa da bayan ya dawo, ba uhm ba uhm-uhm. In ya ga ƙafar tana shara ƙasa sai ya ce wa uwarku, "A ce a ɗaga gwiwa." Ita kuma ta ce, "Dada, wai a ɗaga gwiwa," alhali kunnena yana dab da bakinsa.

Rifkatu takan biyo ta duba mu in ta tashi aiki, Hajiya Asta ma takan leƙo ta tambayi uwarku ko nauyin ya yi mata yawa. Da ciniki ya fara lalacewa saboda makarar da ubanku yake yi, ita ta zauna da su aka gyara lokacin, aka mayar da na safe bayan asuba.

Kada ku ɗauka abin ya tafi salin-alin. Wata rana wasu tsofaffin garinmu da ke zaune a Sangere suka zo dubiya ba sallama mai ƙarfi, suka same mu a tsakar gida, shi a bayana. Suka tsaya cak. Ɗayarsu, wadda muka yi 'yanmatanci tare, ta kama haɓa ta ce, "Ashe gudun nan har da kunya muka bari a dutse." Ba su daɗe ba suka tafi, ba ta sake taka gidan nan ba har ta rasu. Maganar ta shige ni. Kwana biyu na ƙi fitowa, na ce a kwance zanen a mayar rumfa. Ubanku bai mayar da shi ba. Lokaci na yi sai in ji ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya daɗe, ya tafi. A rana ta uku na kasa jure tsayuwar nan tasa, na ce wa uwarku ta kawo zanen.

Damina ta wuce, uwarku ta haihu, ƙafa ta fara jin magana. Wata yamma Rifkatu ta zo, ta duba tafiyata, ta ce yau har zaure za mu je. Ta tsaya a gefena na hagu, aka ɗaura zane, na kama gora muka tashi. Ina tafiya ina kallon ƙasa kamar kullum. Na wuce rijiya, na wuce madafa, ƙafar tana rawa amma tana zuwa. A raina ina cewa yau riƙon nasa da sauƙi, ya fara iyawa. Da na dafa ƙofar zaure sai uwarku ta saki guɗa, jariri a kafaɗarta. Na ce, "Ke lafiyarki?"

Rifkatu ta ce, "Mama, tun daga rijiya na yi masa alama ya saki."

Ban yi shawara ba, jikina ne ya juya da kansa. Yana can bakin rijiya inda aka ce ya tsaya, hannayensa biyu a miƙe a gaba, a buɗe, ko zan faɗi. Bai yi zaton zan waiwayo ba, bai samu damar sunkuyar da kai ba. Hawaye yana bin fuskarsa yana shiga gemu. Na kalle shi, ya kalle ni. Hancin ubana ne a fuskarsa, ban taɓa sani ba. Gemun kuwa furfura ta cinye rabinsa.

Kunya ta dawo ta rufe ni, na mayar da ido ƙasa. Amma bakin nan nawa da ba ya shawara da ni ya riga ya buɗe, kuma ba da uwarku na yi maganar ba, da shi na yi.

Na ce, "Yaushe ka tsufa?"